Tambaya kan jan ruwa kafin tafiya nutso a Masar

Sani, Obalende:
Assalamu alaikum. Na kammala horon nutso na matakin farko, wanda ya ba ni izinin sauka har zurfin mita 18, kuma ina shirin zuwa Sharm el-Sheikh a ƙarshen shekara. An gaya mini cewa a Ras Mohammed, wurin nutso da ke kusa da garin, galibi bin ruwa ake yi, wato jirgi ya sauke mutum a wani wuri ya ɗauke shi a wani. Ni kuwa jan ruwan da na sani shi ne na gaɓar Tarkwa Bay a nan Legas, wanda ya taɓa fizgata har na sha ruwa na ƙoshi, shi ya sa gabana yake faɗuwa. Me zan tarar a can?

Malam Bashir, Apapa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Abin da ya wahalar da kai a Tarkwa Bay shi ne kokawa da ruwa domin ka koma gaɓa, alhali a nutson bin ruwa babu inda za ka koma, domin jirgi ne yake bin ku ta sama. Aikinka kawai ka daidaita iskar da ke cikin rigar nutsonka yadda ba ka nitsewa ba ka tasowa, ka naɗe hannu, ka bar murjani yana wucewa ta gefenka kamar wanda ya leƙa tagar mota. Idan gudun ya yi maka yawa, ka matsa kusa da dutse ko ƙasa, domin a nan ruwa ya fi sanyin tafiya. A Ras Mohammed wataƙila ruwa ya kai ku kan kayan jirgin Yolanda da ya yi hatsari a 1980, kuma kayan nan tukwanen masai ne da bahon wanka, suna nan zube kifaye suna shawagi a cikinsu.

Hajiya Rabi, Ikoyi:
Bayanin Malam Bashir daidai ne, sai dai ya sauƙaƙa lamarin fiye da kima. A Maldibs, a bakin wata mashiga tsakanin tsibirai, na tsaya ɗaukar hoton kunkuru na ɗan lokaci kaɗan, ina ɗagowa na ga jagora da sauran mutane sun zama inuwa, ga kumfar numfashina tana yin ƙasa maimakon sama. Wannan alama ce ta ruwa mai danna mutum ƙasa, kuma maganinsa shi ne a yi iyo a nisanci bangon dutsen tare da ƙara iska a riga, sannan a rage ta da zarar an fita, don kada a yi sama da gudu. Na yi tsayuwar kariya da ake yi kafin fitowa sama, minti 3 a zurfin mita 5, ni kaɗai, kuma dogon balan-balan mai ruwan lemo da na tura sama shi ya sa matuƙin jirgi ya gan ni. Ƙanena, ka sayi naka, ka koyi hura shi a wurin koyon iyo tun kana Legas. Ka kuma duba kwanan wata, domin cikowar teku da janyewarta sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu.

Sani, Obalende:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. To ƙugiyar da nake gani wasu suna maƙalawa a dutse fa, ita ma in saya?

Hajiya Rabi, Ikoyi:
Ba yanzu ba. A wurare irin Palau da Maldibs ake amfani da ita don a tsaya kallon manyan kifaye, kuma a dutsen da babu murjani mai rai ake saka ta. Ras Mohammed kuwa wuri ne da gwamnatin Masar ta keɓe tun 1983, an hana taɓa murjani. Ka faɗa wa jagora tun a jirgi cewa wannan ne karonka na farko, zai ajiye ka kusa da shi.