Mu ƴan fada muna son yawon jirgin ruwa a Kwatano cikin babban hutu, wa ya taɓa yi?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san bakin teku.

Mu bakwai ne a fadarmu nan unguwar Bagalam, Maradi, tun muna lakwal muke tare. Biyu malaman makaranta ne, ɗaya tela, ni ina saida kayan gyaran babur, sauran suna harkar aya da wake. Tun bayan ƙaramar salla muke zuba adashi don mu yi tafiya guda tare, wadda ba ta kasuwa ba kuma ba ta biki ko gaisuwar rasuwa ba. Abin da ya sa mana wannan sha'awa, akwai yayan ɗayanmu da ya yi karatu a Dakar. Kullum in ana shayi sai ya ba mu labarin yadda abokai ke fita ranar Asabar cikin jirgi mai ƙyalle, wanda iska ke turawa, su bi gefen teku, su tsaya kusa da tsibiri su ci abinci, da la'asar su komo. Dakar ta fi ƙarfin aljihunmu, shi ya sa muka ce Kwatano ko Lome.

Saboda malaman nan biyu, dole tafiyar ta faɗo cikin watan Agusta. Ana samun hayar irin wannan jirgi da matuƙinsa a can? Lokacin ya yi? Cikinmu mutum ɗaya kaɗai ya iya iyo, shi ma don ya tashi a Madarunfa ne, kuma tafkin Madarunfa shi ne ruwa mafi girma da muka taɓa shiga. Yaya ake yi da salla da abinci? Mahaifiyata ta ji maganar, kuma hankalinta bai kwanta ba.

Alhajin Kwatano:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin wannan niyya taku, don mu mutanen Maradi mun daɗe muna zuwa Kwatano amma tashar jirgi da Zango da kasuwar Dantokpa kawai muka sani. Mutum sai ya yi shekaru yana fiton kaya bai taɓa zama ya kalli ruwan da ya kawo kayan ba. To amma zan faɗa maka gaskiya: kada ku fita tsakiyar teku a watan Agusta.

Ruwan sama ba shi ne damuwar ba. A kudancin Benin babbar damina tana sauka daga Afrilu zuwa Yuli, Agusta kuma sararawa ake yi, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, sannan ƙaramar damina ta biyo daga Satumba. Damuwar ita ce tekun. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa tana tasowa daga can kudu mai nisa, ta zo ta daki gaɓa da ƙarfi, kuma gaɓar Benin da Togo miƙaƙƙiya ce, rairayi zalla, babu lungun da jirgi zai fake. Masuntan da aka haifa a wurin ma sai sun tsaya suna ƙirga igiyoyi kafin su tura kwale-kwalensu, wani lokaci kuma ya kife da su a bakin gaɓa. Ka je bakin ruwan Fidjrossè ka tsaya ruwa iya ƙauri, za ka ji yana janye rairayi ƙarƙashin ƙafarka kamar ana zare maka tabarma. Nan ake rasa baƙi, galibi matasa da suka ce hoto kawai za su ɗauka. Shi ma ɗan Madarunfa ka gaya masa iyon tafki ba ya aiki a nan. In teku kuke so ido rufe, ku jira Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ya fi kwanciya.

Yanzu ga abin da nake so ku yi da kuɗin adashinku, kuma wallahi ba za ku yi da-na-sani ba.

Ku fara da Ganvié. Daga Kwatano ku hau mota zuwa Abomey-Calavi, can mashigar take, sai a shiga da ku tafkin Nokoué wajen kilomita 8. Gari ne sukutum bisa ruwa, gidaje a kan turaku, da masallaci da makaranta da kasuwa. Mutanensa, Tofinu, kakanninsu sun gudo cikin tafkin ne don tsira daga mayaƙan Dahomey masu kamun bayi. Akwai jirgi mai inji, akwai kwale-kwale. Ku ɗauki kwale-kwale ko da zuwa ne kaɗai, don a nan za ku ga ƙyallen da kuke nema. Matan da ke kai kifi kasuwa sukan kafa sanda su ɗaura zane ko buhunan da aka ɗinke, iska ta cika shi, jirgi ya tafi shiru ba ƙarar inji ba warin mai. Yarinya ƴar shekara goma za ka ga tana riƙe da jirgi ita kaɗai. A hanya za ku wuce shingayen rassan itace da suke kakkafawa cikin ruwa don kifi ya taru ya yi ƙiba, kowane shinge da mai shi, yadda kowace gona ke da mai ita. Ku fita da sassafe, kasuwar kan ruwa da safe take ci. Kuma kada ku ɗaga waya ku ɗauki mace hoto ba ku tambaya ba, ba su so, suna kuma da gaskiya.

Sai Grand-Popo, wajen kilomita 80 yamma da Kwatano, hanyar Lome. Wannan ita ce tafiyar da ta fi kama da labarin yayanku. Ana shiga kogin Mono a gangara zuwa inda ya haɗu da teku, wurin da ake kira Bouche du Roy. Teku na hannun dama, siririn tudun rairayi da itatuwan kwakwa ne kawai tsakaninku, kuna jin rurinsa amma ruwan da kuke kai a kwance yake. Za ku ratsa cikin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri da saiwoyi a waje, ku ga tsuntsaye da ƙauyukan da mata ke dafa gishiri. Ku ɗauki jirgin wuni guda ku kaɗai, kada a haɗa ku da wasu. Ku tafi da butar shayinku da gawayi, ku sayi kifi hannun masunta, a sauke ku kan rairayi a gasa. Ni da abokan fitona mun yi haka, mun zauna tun hantsi har la'asar, kuma hirar da muka yi a ranar ba mu taɓa yin irinta a Zango ba, don babu mai kiran kowa a waya kan maganar kwantena. A bakin haɗuwar kansa ruwa na da ja sosai, ku ce wa matuƙi ya tsaya nesa, ku ƙarasa da ƙafa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Jirgin da ya fi hatsari a tafiyarku ba na Ganvié ba ne, na Gaya ne, bakin iyakar Nijar da Benin. Tun da aka rufe gadar Malanville a 2023 mutane suka koma tsallaka kogin Kwara da kwale-kwale, kuma Agusta da Satumba ruwan ya cika ya yi ja. Masu jirgi suna lodin mutane da buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. In kun ga haka ku sauka ku jira wani, ko ku biya kuɗin gurbin da ya rage. Kada ku tsallaka da dare. Daga Malanville kuna da fiye da kilomita 700 ta Kandi da Parakou da Bohicon, don haka ba gaggawar da za ta sa ku kasada. Ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara.

Tsohon ɗalibin Dakar:

Alhaji ya gama magana kan igiya, ban da abin ƙari. Inda zan ɗan saɓa masa shi ne cewa kada a fita teku sam. Daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba manyan kifayen nan da ake kira balen suna zuwa gaɓar Benin daga kudu don haihuwa, kuma akan shirya fita kallonsu daga tashar Kwatano da babban jirgi mai inji. Wanda ya fito daga cikin tasha ba ya karo da igiyar bakin gaɓa, don katangar tashar ta tare ta. In kun samu irin wannan fita, mai rigar ceto ga kowa da kowa, ni ina ganin ku yi. Amma ku shirya wa jiri da amai. Kada ku shiga da yunwa, kada ku cika ciki da maiƙo, ku zauna tsakiyar jirgi, ku sa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ku bar kallon waya. Citta tana taimako. Akwai ƙwayar Nautamine a farmasi, ana sha kafin a shiga, sai dai tana sa barci.

Shi kuma jirgi mai ƙyalle irin na labarin, abin da yayanku ya gani gaskiya ne. A lungun Hann akwai kulob na masu irin waɗannan jirage, kuma Dakar tana da abin da Kwatano ba ta da shi: ƙasa ta shiga cikin teku ta yi wa ruwa kariya, ga tsibirin Gorée minti 20 daga tasha. Sai dai galibin jiragen na masu su ne, da sanayya ake shiga.

Ina roƙonku ku ɗauki maganar lodi da muhimmanci. Ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola ya kife a gefen Gambiya yana hanyar Ziguinchor zuwa Dakar, gwamnati ta ƙirga mutum 1,863 da suka rasu, a jirgin da aka ƙera don ƙasa da mutum 600. Da yawansu ɗalibai ne masu komawa makaranta bayan hutu. Duk wanda ya zauna Senegal ya san gidan da abin ya taɓa.

Hajiya ta Sabon Gari:

Ɗana, ni atamfa nake saro a Lome, zan ba ka nawa. In kun bi ta can, ku je Agbodrafo, bai kai tafiyar awa guda ba daga Lome, ku tsallaka tafkin Togo zuwa Togoville. Ruwan ba zurfi, da gora ake tura jirgin. Da sunan sarkin garin, Mlapa, aka ƙulla yarjejeniya da Bajamushe Nachtigal a 1884, daga garin kuma ƙasar ta samo suna.

Abinci kuwa, ku tafi da kilishi da ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino daga gida. A Zango ba matsala, ƴan uwa ne ke yanka. Da kun fita ƙauyukan bakin ruwa ku tsaya kan kifi, kuma ku tambayi abin da aka sa a miya. Ruwan sha na gora. Sauron bakin tafki ba ya wasa, kowa ya ɗauki gidan sauronsa.

Maganar da ta kawo ni ita ce ta mahaifiyarka. Kada ka tafi tana kuka. Ka zauna ka faɗa mata inda za ku, ka nuna mata hoton rigar ceton, ka ba ta lambar mai masaukinku, ka yi mata alkawarin kira safe da yamma. In ta ce teku a'a, to ka bar tekun, ka yi tafki da kogi. Ni uwa ce, na san abin da take ji.

Malam na Tibiri:

Game da salla, abin da sauƙi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma mushensa halal ne, haka ya zo a hadisi. Tafiyarku ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba. Tunda fitar wuni ce, ku tsara ta yadda azahar za ta same ku a tudu. In lokaci zai fita kuna cikin jirgi, wanda zai iya tsayuwa ya tsaya ya fuskanci alƙibla, wanda ke tsoron faɗawa ya yi a zaune. A ƙaramin kwale-kwale kada kowa ya miƙe. Daga Kwatano alƙibla tana arewa maso gabas, ta fi karkata arewa fiye da yadda muka saba a Maradi. In za ku shiga ku karanta abin da Annabi Nuhu, alaihis salam, ya faɗa a suratu Hud: Bismillahi majreha wa mursaha.

Ɗan Bagalam:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da dare na karanta wa fada duka. Mun tsaya kan Ganvié da Grand-Popo. Maganar balen ta raba mu, uku na so, huɗu sun ce a'a, mun bar ta sai mun isa mun ga jirgin da idonmu. Hajiya, na zauna da Inna kamar yadda kika ce, ta yarda da tafki da kogi, don haka ni ina cikin huɗun. Alhaji, rigar ceton fa, masu jirgi ke bayarwa ko mu saya?

Alhajin Kwatano:

Ku saya, ƙanena. Wasu masu jirgin yawon baƙi suna da ita, amma sau da yawa ba ta isa kowa, wata kuma igiyarta ta tsinke. A Gaya kada ku sa ran samu. Ku sa wani ɗan uwa da ke tasowa daga Kwatano ko Kano ya sayo muku tun yanzu, ya duba nauyin da aka rubuta a jiki ya dace da kowa, ya zaɓi mai maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame ta kai. Kowa ya gwada tasa a gida, ya ɗaure ta tamau, wani ya kama kafaɗun ya ja sama. In ta haura kunne ta yi yawa, a canza. Ku sa ta tun kuna tudu, kafin ƙafa ta taka jirgi. In kun tsaida ranar tashi ka rubuto nan, zan faɗa muku motar da ta fi dacewa daga Malanville.