Neman shawara: wane injin samfefa ne zai yi mini aikin shago da gyaran kwale-kwale?

Mai tambaya, kafinta daga Daura:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ni kafinta ne, aikina ƙofofi da gadaje da kabad, kuma har yanzu da hannu muke goge katako ni da yaran shago. Kwanan nan masuntan madatsar ruwa ta Sabke sun fara kawo mini gyaran kwale-kwale, wani a canza masa katakon da ya ruɓe, wani a kankare tsohon fenti da kwalta a sake shafawa, aikin kuwa ya fi ƙarfin hannu. Kuɗin da na tara na inji ɗaya ne. Na ga iri uku a kasuwa: mai bel, da mai faifai zagaye wanda yake juyawa yana karkarwa, da mai kusurwa huɗu da ake maƙala wa takardar samfefa. Maƙwabcina mai walda kuma ya ce in ɗaura faifan samfefa a giranda kawai in huta. Idan babu wuta, ƙaramin janareta nake tayarwa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a sana'ar su ba ni shawara.

Wani dattijon kafinta daga Ƙofar Marusa, Katsina:

Wa'alaikumussalam, ɗana. Allah ya sa albarka a sana'a. Tunda inji ɗaya za ka saya, ka sayi mai faifai zagaye mai faɗin milimita 125. Dalilina shi ne yadda yake tafiya: faifan yana juyawa, a lokaci guda kuma yana yin ƙananan kewaye, saboda haka ƙwayar samfefa ba ta bin hanya ɗaya sau biyu, kuma ba ya cika barin zane ko da ka ratsa jijiyar katako. Wanda ya taɓa shafa wa ƙofar madaci banish, sannan ya ga zanen samfefa ya fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinsa, ya san muhimmancin wannan.

Mai bel ya fi shi ci nesa ba kusa ba, amma cinsa ne matsalarsa a hannun wanda bai saba ba. Idan ka tsaya wuri ɗaya na ɗan lokaci, sai ya haƙa rami, a kan filawud kuwa yana cinye fatar saman nan take. Mai kusurwa huɗu na gamawa ne, ba zai cire maka tsohon fenti ba sai ka gaji.

Maganar giranda ka bar wa mai walda. Tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, tana ƙona katako, tana barin tabo kamar jinjirin wata wanda sai ka sha wahala kafin ka shafe shi.

Ka kuma kula da lambar samfefa (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi), domin yawancin masu kuka da inji a nan suke kuskure. Ka fara da 60 ko 80, ka koma 120, ka gama da 180 ko 220 idan banish za ka shafa, kuma kada ka yi tsalle daga 60 zuwa 220. Kada ka danna injin, nauyinsa ya isa.

Mai gyaran injunan hannu, Katsina:

Malam, abin da Baba ya faɗa ya dace da janaretanka. Ƙaramin janaretan nan da aka sani ba ya kai wat 1,000, shi kuwa babban mai bel irin Makita 9403 wat 1,200 yake ja, ba zai ɗauke shi ba. Mai faifai irin Makita BO5030 wat 300 ne, Bosch GEX 125-1 AE kuma wat 250. Idan kuɗin bai kai ba, Ingco da Total suna da irinsa a farashi mai sauƙi, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu.

Idan na hannu za ka saya, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce, wanda aka ƙera don Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, kana jona shi zai ƙone. Ka sa a kunna maka shi a gabanka, ka saurari ƙararsa, ka duba ko yana yawan tartsatsi ta ramukan iska, ka kuma tambaya ko ana samun kabon ɗinsa (ƙananan gawayin da ke kai wuta ga motar injin) da tafin da samfefa ke mannewa, domin su ne suke fara cinyewa.

Wani mai gyaran jiragen masunta a madatsar ruwa ta Zobe, Dutsin-Ma:

Ɗan'uwa, ban yi jayayya da Baba a kan aikin shago ba, amma kwale-kwale yana da nasa sharuɗɗan, kuma idan ba ka kiyaye su ba, kowane inji ka saya samfefa za ka yi ta zubarwa. Kwalta ba ta goguwa da inji, domin zafin guga yana narkar da ita, ta cika ƙwayar samfefa kafin ka yi taku biyu. Da makankari ake cire ta, da sanyin safiya lokacin da take a daskare, sai abin da ya rage a bi shi da lamba 40 ko 60. Jirgin da aka fito da shi daga ruwa kuma a kife shi a inuwa ya sha iska tukuna, saboda jiƙaƙƙen katako ba ya goguwa, fenti ma ba ya kama shi. Ƙusoshin da suka leƙo a nitsar da kansu, in ba haka ba za su yaga tafin injin.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne jikin jirgi ba ya son santsi irin na kabad. A tsaya a lamba 80, ko 120 idan an matsa, domin fenti da gam su sami abin kamawa. Ni ina amfani da mai bel a dogayen katakan gefe, kuma ba zan ɓoye ba, ya fi sauri ƙwarai. Sai dai ba ya shiga lanƙwasar goshi da ciki, a nan mai faifai ne ke aiki. Ka fara da mai faifai, idan aikin jirage ya yawaita ka ƙara mai bel.

Wani kafinta daga Mai'aduwa:

Ni damuwata samfefar ce. Mai kusurwa huɗu kowace takarda ka saya a shagon kayan gini sai ka yanka ka maƙala, amma ta mai faifai sai an nemo mai mannewa, kuma ba kowane shago ne yake ajiye ta a yankinmu ba. Ya kamata a sa wannan a lissafi.

Wata ma'aikaciyar lafiya, Katsina:

Malam, ina roƙonka ka ware kuɗin takunkumi mai tace ƙura, irin N95, da tabarau, naka da na yaran shago. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar daji, musamman a hanci. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda gubarta ta fi illa ga ƙananan yara, kuma mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010. Ku yi gugar a fili, kada ku shiga gida da kayan aiki.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan mai faifai. Baba, yaya zan yi da matsalar samfefar da ɗan'uwa na Mai'aduwa ya kawo?

Dattijon kafinta:

Maganarsa gaskiya ce, ɗana, shi ya sa na ce milimita 125, domin samfefarsa ta fi ta 150 yawa a kasuwa. Ranar da ka je sayen injin, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka haɗo da kwalin lamba 60 da 80 da 120, ka tabbata mai ramuka 8 ce, kuma ramukan su dace da na tafin, domin ta nan ƙura ke wucewa zuwa jaka. Ta gamawa kaɗan za ta ishe ka, tunda shafar ƙarshe kafin banish da hannu za ka yi ta, kana bin jijiyar katako.