Don Allah a taimaka min kan auna motsin ido

Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a Kumasi, ina bincike kan yadda ido ke bin abu mai tafiya. Nakan sa ɗigo ya yi yawo a allon kwamfuta, abokaina na Aboabo su bi shi da ido, ina ɗaukar bidiyon idonsu da waya mai hoto 30 a daƙiƙa.

Ga inda na maƙale. Ido kan yi kusan milisakan 100 (kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa) kafin ya soma bi, in ɗigon ya tsere masa sai ya yi ɗan tsalle ya kamo shi. Tsallen gajere ne ƙwarai, hoto ɗaya ko biyu ya wuce, na kasa raba shi da bin da ido ke yi sumul ba tsalle. Kan mai kallon ma ba ya tsayawa cik.

Kyamara zan canja, ko akwai dabarar lissafi? Kuɗin babbar na'urar auna motsin ido kam babu.