Cigiyar kalma: me za mu kira "mento" da Hausa?

1/
Salamu alaikum. Jama'a, ina cigiyar kalma guda, kuma ba don nishaɗi ba. Wani dattijo ne ya ƙure ni a waya jiya bayan magariba har na rasa ta cewa. Ina hutu a ƙauyenmu ta wajen Auyo, sai na hau tudun bayan firamare nake samun sabis, saboda haka in kun ji ni shiru ba gudu na yi ba.

2/
Ina ajin ƙarshe a jami'a, nazarin muhalli nake karantawa. Bana sashenmu ya fito da tsari: duk mai shirin fita a haɗa shi da sabon shiga ɗaya ko biyu, mata da mata, maza da maza, ya riƙa duba su har shekara ta ƙare. A takardar da aka liƙa da Turanci an kira mu "mentor". A bakinmu kuwa tuni ta koma mento, ƙananan kuma menti. Tawa yarinya ce 'yar ƙasar Guri, mahaifinta masunci, yana kuma taɓa noman shinkafa.

3/
Ta je gida hutu, mahaifin nata ya ga wata lamba tana yawan kiranta, an ajiye sunan "Mento". Sai ya kira da kansa. Bayan mun gaisa ya ce, "'Yata, ke malamarsu ce?" Na ce a'a Baba, ni ma ɗaliba ce. "To dangi ne da ban sani ba?" A'a Baba. "Biyanki ake yi?" A'a. "To ke wace ce a wurinta?" Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce ni ce mento ɗinta. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce shi dai mantaleta ya sani.

Ya yi dariya, na yi, amma na kwana da abin. Uba ya tura 'yarsa wani gari, wata baƙuwa tana kiranta dare da rana, kuma baƙuwar ta kasa faɗin matsayinta da harshen da su biyun suke ji.

4/
Kafin ku fara jefo kalmomi, bari in faɗi aikin, don a ɗinka rigar daidai wuyan mai ita.

Ba na koya mata darasi, wannan na lakcarori ne. Abin da ba a rubuta a allo ba shi nake ba ta. Cewa kemistiri da lissafi su ke kayar da 'yan aji ɗaya, musamman waɗanda suka zo da zaton dashen itatuwa kawai za a yi ta yi. Cewa gurbin siwes, wato horon aiki da ɗalibai ke fita yi a ma'aikatu, ba a nemansa ranar tafiya. Mafi yawa kuma aikin fili ne.

Ranar da na fara ɗebo samfurin ruwa, na cika kwalabe shida, ban ɗauraye su da ruwan wurin ba, ban rubuta komai a jikinsu ba, na ɗaure su a bayan mashin cikin rana. Da na isa ɗakin gwaji ban san wacce ce ta saman gari, wacce ta ƙasan gari ba. Kuɗin mota ya tafi a banza, na zauna ina share hawaye. Wata 'yar aji huɗu ce ta ja ni gefe: ki ɗauraye kwalba sau uku da ruwan da za ki ɗiba, ki rubuta wuri da lokaci tun kafin ki tsoma ta, ki sa ta cikin kula mai ƙanƙara, ki kai a ranar. Maganar ba ta kai minti biyar ba.

Irin su ne da yawa. Ba a faɗa wa gari da takardar tambayoyi a hannu, sai an fara gaida bulama, in ruwa za a shiga a nemi sarkin ruwa. Ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Kaurin itace daga tsayin mita 1.3 ake auna shi, daidai ƙirji, ba a gindi ba. Wani ɗan birni a ajinmu ya taɓa rubuta a rahotonsa cewa gawon wata gona duk sun mutu, don ya same su ba ganye a watan Agusta. Ba wanda ya gaya masa gawo da damina yake zubar da ganye.

5/
Ga kuma inda kalmar take wahala. Furojet ɗina a kan kacala yake, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. A aji an karantar da mu cewa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza: maimakon ya cika ya janye ƙasa ta bushe, sai ya zama akwai ruwa kwance a magudanai kusan duk shekara, abin da kacala take so ke nan, har ta toshe hanyoyin ruwa. Ni a takarda na san wannan. Ita kuwa ta tashi tana ganin mahaifinta cikin ruwa har ƙirji yana yankan ta don kwalekwale ya samu hanya, ta san yadda tsuntsun jan baki ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa. Rabin tambayoyin da na shirya ita ta gyara min su. To wa ke koya wa wa? Duk kalmar da za ta ɗora ni a kujera ta ajiye ta a tabarma ba ta faɗi gaskiya ba.

6/
Su ma Turawan ba daga sama suka samo ta ba. Sunan mutum ne a tsohon labarin Girkawa, wanda sarki Odisiyas ya bar wa amanar gidansa da ɗansa da zai tafi yaƙin Taroyi. Suna ya bi baki har ya zama kalma. Don haka kada wani ya ce min ba ta fassaruwa.

7/
Waɗanda na gwada a daren jiya na ajiye:

Jagora ce ta fara zuwa, kuma asalinta ya dace, mai jan gorar makaho. Amma siyasa ta kumbura ta. Yau in ka ce jagora, babbar riga da jerin motoci ake hangowa. Ga shi kuma ba na son a mai da yarinyar mutane makauniya.

Ubangida da uwar ɗaki, akwai cin arziki a ciki. Wanda yake da uwar ɗaki yana sa ran atamfar salla, ni kuwa garin kwaki muke jiƙawa tare. Raino na jarirai ne. Mai ba da shawara ya yi tsawo, kuma ofis ne da shi a jami'a, ba ni ba ce.

Bismilla, ku kawo naku. Zan sauka in taya Inna girki.

8/
Na dawo, na tarar kun cika wuri. Na gode ƙwarai.

Wani malamin tsangaya daga Ringim ya rubuto cewa abin da muke kira sabo su sun gaje shi: gardi ne ke biya wa kolo allo, ya duba masa rubutu, ya nuna masa inda ake itace da inda ake ɗiban ruwa, kuma shi ma almajiri ne a gaban malam ɗaya. Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce amsar da ta fi kusa da aikin, har na ji kunya da ban tuna ba. Matsalata biyu ce. Ban taɓa jin an kira mace da ita ba, mu kuwa muna da yawa a tsarin. Sannan a wajenmu in an ce gardawa sun shigo gari, yara kura da maciji suke fita kallo. Ka ga in Baba ya sake kira na ce masa ni ce gardin 'yarsa, ranar za ta bar makaranta.

9/
Kawuna yana gefe ina karanta masa. Ya ce shi bai ga abin wahala ba: in za a hori sabon bijimi, da tsohon da ya san kunyar gona ake haɗa shi a karkiya ɗaya, tsohon ya riƙe layi, sabon ya yi ta fizga har ya daidaita. A kira mu 'yan karkiya. Kawu, ma'ana ta fita tsaf, amma ka zo da kanka ka gaya wa 'yan jami'a.

10/
Mutum bakwai ko takwas sun ce me ya hana Yaya. Gaskiyarku. Tun ranar farko da shi take kirana, ban lura ba ne saboda ya yi kusa da yawa. Yaya ta girme ka amma ba ta haife ka ba, tana iya yi maka faɗa, kana iya yi mata musu, gida ɗaya, tukunya ɗaya. In an ɗaura mata "karatu" kamar yadda muke cewa abokin karatu, an fita daga dangin jini: yayar karatu, yayan karatu, ƙanwar karatu, ƙanin karatu.

Wata malamar Hausa daga Kafin Hausa ta ja hankalina a kan rubutu. Ta ce yawancinmu ba ma sa alamar ɗauri a waya, don haka "yayan karatu" zai riƙa karantuwa kamar 'ya'yan karatu, a juya ma'ana, babba ya koma ɗa. Haka ne, Malama. Na gwada "wan karatu" da "yar karatu", sai na ga na gudu daga ruwa na faɗa rijiya, don ta biyun za ta zama 'yar karatu. Gara mu zauna a kan yaya. Ta mace ba ta da ruɗani, jam'i ma haka, yayyen karatu da ƙannen karatu. Namiji tilo ne kawai, shi kuma jimla za ta raba gardama.

11/
Saura sunan aikin kansa, wato abin da ake cewa mentorin. An kawo "yayantaka", na furta ta sau uku, ta ƙi zama a baki. An kawo "kama hannu", tana da daɗi, sai dai ta fi tuno da yaro da alƙalami.

Inna ce ta warware, ba tare da ta san ana nema ba. Maƙwabciya ta zo barka da hutu, da za ta tafi Inna ta ce min, "Tashi ki taka mata." Na raka ta har gindin kuka na juyo. A hanyar dawowa abin ya faɗo min. Mai rakiya ba gaba yake ba, gefe yake, ana tafe ana hira. Ya san inda kare yake da inda ƙaya take don unguwarsu ce. Kuma ba ya kai ka gida, akwai inda zai tsaya ya ce sauka lafiya. Mu ma shekara ɗaya ce tak, mu fita, su ci gaba da uku su kaɗai.

Na tuna zuwanmu dausayin Baturiya a ƙasar Kiri Kasamma, wanda aka sa a jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi. Muna riƙe da na'urar nuna wuri, amma wani yaro ɗan garin ne ya raka mu, yana cewa kada ku taka nan, laka ce. A bakin ruwa ya juya.

Don haka: rakiyar karatu.

12/
Na san abin da za ku ce, wani ma ya riga ya faɗa: ɗan rakiya shi ne wanda ya zo cika wuri, kamar ɗan takarar da kowa ya san ba zai ci ba. Shi ya sa ban ce a kira mutumin da ita ba. Aikin ne rakiya, mutumin yaya ne. Wanda kuma ya kawo zancen rakiyar kura, Allah ya shirye ka, ko da yake na san yayyen da ƙannensu za su so yi musu ita.

Mai cewa a bar mento kawai tunda mun karɓi mota da lakca: waɗannan da kayansu suka zo, ba mu da su a da. Wannan kuwa Malam na Ringim ya nuna muna da abinmu tun kafin a gina jami'a.

13/
Abin da zan kai wa sashenmu in an koma, a rubuta a ƙasan na Turancin: Tsarin Rakiyar Karatu, tsakanin yayye masu fita da ƙanne sababbin shiga. Wanda yake wata jami'ar, a Dutse ko Kano ko ina ne, ya gwada a bakin mutanensa ya gaya mana in ta zauna.

14/
Yanzu na sauko daga tudu. Na kira Baba na ce, jiya ka tambaye ni ban amsa da kyau ba, ni yayarta ce ta karatu, an haɗa mu ne in raka ta shekarar farko. Ya ce, "To ai haka za ki ce, 'yata." Ya tambayi sunan mahaifina da garinmu, ya ce ya taɓa kawo kifi kasuwar Auyo. Sannan ya ce in zan zo ganin kacalar in zo kafin ruwa ya ja baya, zai shiga da ni a kwalekwale, kuma kada in zo da takalmin makaranta.