Mijin ƙanwata yana Ingila, wakili ne ya karɓa masa aure: ta ina ake fara takardun biza?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan takardun tafiya. Bara bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura wa ƙanwata aure nan Sakkwato. Mijin ɗan gari ne, amma ya daɗe a Manchester yana aiki, kuma yana da izinin zama na dindindin. Ranar ɗaurin auren bai samu zuwa ba, ƙanen mahaifinsa ne ya karɓa masa. Bayan wata biyu ya zo, ta tare, suka yi sati uku ya koma. Yanzu yana so ta bi shi. Abin da ke hannunmu hotunan biki ne da katin gayyata, babu takardar aure. Wani mai shagon intanet ya ce dole sai sun sake aure a rajista. Ita ta gama digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi kuma ya taɓa aure, sun rabu. Ta ina ake farawa, kuma nawa ake kashewa?

Malam Na Gawon Nama:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a auren.

Tunda yana da zaman dindindin, hanyarsu ita ce bizar iyali, wadda ƙa'idojinta ke cikin sashen dokar shige da fice da ake kira Appendix FM. Ku tabbatar da wannan da idonku, domin mutane da yawa suna cewa "ina da takarda" alhali bizar aiki ce ko ta karatu, kuma kowace da nata sharaɗi. Mai bizar aikin kula da tsofaffi an hana shi kawo iyali tun 11 ga Maris 2024, yawancin ɗalibai kuma tun Janairun 2024.

Maganar wakili kada ta ɗaga muku hankali. Ingila tana duba auren ne da dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Auren Musulunci da waliyyi da wakili da shaidu da sadaki ingantacce ne a Najeriya, don haka su ma za su karɓa. Abin da suke nema bayan wannan shi ne ma'auratan sun kai shekara 18 kuma sun taɓa haɗuwa ido da ido, wanda zuwansa ya riga ya cika. Sai dai fa ku iya nuna shi a rubuce: hatimin shiga da fita a fasfonsa, tikitin jirgi, hotunansu tare a lokacin.

Ku je kotun shari'a ta yankin da aka ɗaura auren, tare da waliyyi da wakili da shaidu biyu, a ba ku takardar shaidar aure. Ta ɗauki ainihin ranar ɗaurin aure, da wurin, da sunan wanda ya wakilci ango, sannan ranar da aka ba da ita ta zama ranar da aka ba da ita ɗin. Kada ku yarda wani ya mayar da kwanan wata baya, kuma kada a rubuta cewa ango yana wurin. Jami'in zai ga hatimin fasfo ya nuna yana Ingila a ranar, shi ke nan an kira shi yaudara, wadda kan iya jawo haramcin shekara 10. In takardar da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, a yi mata fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassara, sa hannunsa, kwanan wata, inda za a same shi, da shaidarsa cewa fassarar daidai take.

Auren rajista kuwa ba sharaɗi ba ne, kuma ba abin da za a shiga don biza kawai ba ne. Dokar da yake ƙarƙashinta ta ɗauke shi auren mace ɗaya, babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, kuma yana iya taɓa maganar gado. Ga shi kuma za ku wayi gari da ranakun aure biyu a fayil ɗaya, kuna neman bayani.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne auren farko. A ina aka ɗaura shi? Matar ta taɓa zama a Ingila? A ina aka yi sakin, kuma wace takarda ke nuna shi?

Hajiyar Arkilla:

Malam ya gama da ɓangaren aure, ni bari in taɓa na kuɗi, don nan ne aka fi faɗuwa, kuma sau da yawa ba don kuɗin bai kai ba.

Tun 11 ga Afrilu 2024 mafi ƙarancin abin da mijin zai nuna yana samu a shekara fam 29,000 ne, kafin a cire haraji. Albashinta na nan gida ba ya shiga lissafi, alkawarin wani ɗan'uwa cewa zai riƙa taimakawa ma ba ya shiga. In ya yi wata shida ko fiye a wurin aiki ɗaya, zai kawo takardun albashi na wata shida, bayanan asusun banki na waɗannan watannin da ke nuna albashin yana shiga daidai da abin da ke takardar, da wasiƙar wurin aiki mai faɗin matsayinsa, tsawon zamansa, albashinsa, da ko aikin na dindindin ne. Ga inda ake tuntuɓe: ga mai tsayayyen albashi, da mafi ƙarancin albashin cikin wata shidan ake lissafi. Wata ɗaya da ya ɗauki hutu ba biya ya zo gida biki yana iya rushe lissafin duka. Wanda ake biya da awa kuma, ana haɗa na wata shida a fitar da matsakaici. In bai cika wata shida a sabon aiki ba, sai ya nuna abu biyu: albashinsa na yanzu ya kai, kuma abin da ya samu a hannu cikin wata 12 da suka wuce ma ya kai.

Sai ƙa'idar kwana 28. Takardar albashi ta ƙarshe da bayanin banki na ƙarshe kada su wuce kwana 28 kafin ranar da aka tura fom aka biya kuɗi. Ranar biya ce ranar nema, ba ranar ɗaukar zanen yatsu ba. A tattara takardu a watan Rajab a zo a biya bayan Sallah, an yi aikin banza.

In albashin bai kai ba, ajiya tana cike giɓi, da lissafinta: giɓin sau biyu da rabi, a ɗora fam 16,000. Mai samun 26,000 giɓinsa 3,000 ne, wato 7,500 a haɗa da 16,000, ya zama fam 23,500. In da ajiya kaɗai za a dogara, fam 88,500 ne. Kuɗin ya zauna wata shida a asusun ɗayansu ko na haɗin gwiwa, bai taɓa sauka ƙasa da adadin ba, kuma a faɗi inda ya fito. Rance ba ya shiga, kyauta tana shiga in ta yi wata shidan. Shanu, gwal da zubin adashe ba ajiya ba ne a wurinsu. In a naira yake, da farashin canji na shafin OANDA na ranar nema za su auna, don haka a bar rara mai kauri.

Kuɗin biza daga waje fam 1,938 ne a farashin Afrilun 2025, kuma suna yawan ƙara shi, a duba shafin gov.uk ranar biya. Kuɗin lafiya, wanda ake biya tare da na biza don amfani da asibitocinsu, fam 1,035 ne a shekara, bizar kuma ta wata 33 ce, ana lissafa ta shekara uku, wato fam 3,105 a biya gaba ɗaya. In aka ƙi, na lafiya ana mayarwa, na biza ya tafi.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na tambaye shi. A nan Sakkwato aka ɗaura na farkon, ya kai ta can suka zauna shekara huɗu. A can ya rubuta mata takardar saki, limamin masallacinsu ya shaida, ba su je kotu ba. Har yanzu tana can. Sannan ƙanwar tawa tana da juna biyu, wata huɗu.

Malam Na Gawon Nama:

To, ku dakata da biyan ko sisi tukuna.

A addini sakin ya yi, babu mai ja. Amma dokar iyali ta Ingila ta 1986 ta ce duk sakin da aka yi a cikin ƙasar ba ya aiki sai kotu ce ta yi shi. Auren farko an ɗaura shi a Najeriya, sun amince da shi, da shi ma ta shiga ƙasar. Ke nan a idon hukumarsu har yau matarsa ce, ƙanwarka kuma ta biyu. Dokarsu ba ta ba mace izinin shiga a matsayin mata muddin akwai wata matar da ta riga ta zauna can kuma aurenta bai mutu a takarda ba. Zuwa kotun shari'a ta nan a tabbatar da sakin da aka furta a Manchester ba zai gyara ba, domin ba sa karɓar sakin da aka fara a can aka ƙarasa a wata ƙasa. Ko da gida ya zo ya furta shi da baki, akwai sharaɗin cewa babu ɗayansu da ya yi shekarar da ta gabata yana zaune a Ingila.

Mafita ita ce ya nemi saki a kotun can. Tun Afrilun 2022 ba a buƙatar ɗora wa kowa laifi, amma akwai jira: sati 20 kafin umarnin farko, sannan sati shida da kwana ɗaya kafin a nemi na ƙarshe. Wannan umarni na ƙarshe shi ake sawa a fayil.

Saura tambaya ɗaya da bai kamata a yanke ta a nan ba. In doka ta ɗauki Ingila a matsayin gidansa na har abada lokacin da aka ɗaura auren ƙanwarka, to aure kan aure ba ya ƙulluwa gare shi a wurinsu, sai an sake ɗaurawa bayan saki ya kammala. In kuwa Najeriya ce har yanzu tushensa, auren yana nan. Ana duba niyyarsa, dukiyarsa da alaƙarsa da gida. Ya kai wannan gaban lauya mai lasisi a can, ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar IAA mai kula da masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC. Ba aikin shagon intanet ba ne.

Jaririn kuma, in a nan aka haife shi alhali uban zaman dindindin kawai gare shi, ba ɗan Birtaniya ba ne. Zai buƙaci fasfo da bizarsa da kuɗin lafiyarsa, sai dai ba a ƙara komai a kan 29,000 ɗin saboda shi. A karɓi takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan uba kamar yadda yake a fasfo.

Uwar Biyu, Runjin Sambo:

Yayan amarya, wannan jiran ba asara ba ne, akwai aikin da za ku yi a ciki.

Ku baje fasfonta, NIN, takardar haihuwa, shaidar digiri da takardar aure a tabarma ɗaya ku karanta harafi-harafi. A'isha a nan, Aishatu a can. Muhammad, Mohammed, Muhammadu. Wani wuri an ƙara sunan gari kamar Wurno ko Tambuwal, wani wuri babu. Ranar haihuwa ma haka. Gyara daga NIN ake farawa, don da shi hukumar shige da fice ke buga fasfo, sannan rantsuwar kotu ta bayyana bambancin da ke tsofaffin takardu. Ba dole ba ne ta koma sunan miji.

Turanci: Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa gwaji, kuma sakamakon WAEC ko NECO ba ya aiki. Tana da zaɓi biyu. Ko ta tura digirinta ga Ecctis, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje a Ingila, su tabbatar ya kai digirin Ingila kuma da Turanci aka koyar, ko ta zauna gwajin magana da saurare na matakin A1, kamar IELTS Life Skills, wanda bai kai minti ashirin ba kuma yana aiki shekara biyu. Ni na fi son hanyar digiri, duk da jiran takardu daga jami'a, saboda za ta sake amfani da ita lokacin sabuntawa da neman zaman dindindin, inda ake neman mataki mafi girma. In gwaji za ta yi, ta tabbatar wanda UKVI, hukumar bizar Ingila, ta amince da shi ne.

Gwajin tarin fuka shi ma sharaɗi ne, amma kada a yi shi yanzu. Wata shida kawai takardar ke yi, kuma asibitocin da suka amince da su kaɗai ake zuwa, kamar na hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas. Hoton ƙirji daga asibitin nan gari ba za a karɓa ba. Mai ciki tana iya zaɓar hoto da kariya, ko gwajin majina da ke ɗaukar har sati takwas, ko ta jira ta sauka. Tunda dama akwai jira, ta sauka lafiya tukuna. Zanen yatsu kuma a cibiyar VFS Global ake yi, Abuja ce mafi kusa, kuma dole ta je da kanta.

Abin da za a fara yau shi ne hujjar zaman aure. Ya daina turo kuɗin cefane ta hannun aboki mai canji ko ta asusunka, ya riƙa turawa da sunansa zuwa asusunta. Ta ajiye tarihin kiran WhatsApp, shafi kaɗan daga kowane wata ya fi ɗaruruwa daga mako ɗaya. In zai zo suna, a ajiye tikiti. Fom zai tambayi ko 'yan uwa ne, ko an taɓa hana ta bizar wata ƙasa. A faɗi gaskiya, auren zumunci da auren haɗi duk ba laifi ba ne a wurinsu in da yardarta.

Hajiyar Arkilla:

An manta masauki. Ya kawo yarjejeniyar haya da wasiƙar mai gida cewa ya yarda mata da jariri su zauna. In ɗaki ɗaya yake haya a gidan haɗaka, ya fara neman wani tun yanzu: ɗaki ɗaya mutum biyu doka ta yarda, jaririn da bai kai shekara ba ba a ƙirga shi, amma da ya shekara ya zama rabin mutum a lissafi. Bayan zanen yatsu amsa kan ɗauki kimanin sati 12. In aka ƙi, akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara, sai dai in takarda ce kawai ta ɓace a fayil, sake nema da cikakkun takardu ya kan fi sauri.