Gwajin sanin hali: wanne za a yi wa ƙanwata?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya san gwajin halin nan da ake yi a waya? Ƙanwata ta gama karatu a Kongo, reshen jami'ar ABU da ke nan Zariya, ta samu aiki a wani kantin magani a Sabon Gari. Kullum ta dawo sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, gaisuwa ma da ƙyar. Hajiya har ta fara maganar a nemo mai ruƙiyya.

Malam Sani Samaru: Wa alaikumus salam. Wanda ya fi yawo shi ne Myers-Briggs. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel suka tsara shi bisa littafin Carl Jung na 1921. Yana kasa mutane gida 16, kowa da haruffa huɗu. Harafin farko ne ya shafi ƙanwarki: wani cuɗanya da jama'a ke ƙara masa kuzari, wani kuwa tsotse shi take yi, sai ya keɓe kafin ya dawo daidai.

Anti Bilki Tela: Ai ni ce ta biyun nan! Da, in kwastomomi suka cika min shago a Tudun Wada, wannan na cewa a rage wuya, waccan na cinikin leshi, sai in riƙe almakashi in rasa ina na ja alli. Yanzu yanka bayan asuba nake yi ni kaɗai, awo da ciniki na bar wa yarinyata mai bakin aku. Ita tana jin daɗi, ni na daina ɓata yadin mutane.

Usman Gyallesu: Malam, a yi min afuwa, masana sun fi yarda da Big Five. Shi halaye biyar yake aunawa, ya nuna maka yawa ko ƙarancin kowanne, ba ya jefa ka gida ɗaya. Wancan kuwa mutum kan sake yi bayan 'yan makonni haruffansa su canza. Sannan tambayoyin don Turawa aka rubuta su. Za a ce kana yawan zuwa taro? To a Zariya wa ya isa ya ƙi zuwa suna ko ta'aziyya? Za ta amsa e, alhali dole ce ta kai ta. Ga kunya kuma.

Malam Sani Samaru: Gaskiyarka Usman. Ta amsa da abin da ranta ke so, ba abin da aka saba gani tana yi ba.

Zee Kofar Doka: Ni wanda zan aura zan tura wa.

Anti Bilki Tela: Ke Zee, a tambayi maƙwabtansa da waɗanda suka taɓa bin sa bashi. Waya kowa yana iya yi mata ƙarya.

Usman Gyallesu: Maman Hanif, ki lura dai. In ta rage cin abinci, ba ta barci, ko tana yawan kuka, wannan ya wuce hali, a kai ta asibitin Shika ta ga likita.

Maman Hanif: Ci kam tana ci, bayan isha ma har hira take fitowa. Zan ce a ƙyale ta ta huta in ta dawo. Anti Bilki, ke za ki yi wa Hajiya bayani, ni ba za ta saurare ni ba.

Anti Bilki Tela: Zan biyo ranar Juma'a, dama ɗinkinta na wurina.