Hure Wa Yaro Kunne Bayan Mutuwar Aure: Ciwo Ne Ko Laifin Manya?

Mai buɗe zance, Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman jin waɗanda rigimar riƙon yara ta taɓa kai su kotun iyali a nan Legas, musamman inda aka zargi uwa ko uba da hure wa yaro kunne har ya juya wa ɗayan baya. Lauyan ƙanena yana so ya gabatar da lamarin a matsayin larurar ƙwaƙwalwa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Direban tirela, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Bayan rabuwata da mahaifiyarsa, ɗana ya koma yana faɗa mini maganganun da bakin yaro ba zai iya ƙirƙira ba. Na ji zafi ƙwarai, amma ban ga ciwo a tare da shi ba; an dai tilasta masa zaɓi tsakanin iyayensa. Dattawan unguwa ne suka tsara mana ziyara.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba:
Yaya, a yi hattara. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Richard Gardner, shi ya fara kiran abin ciwo a 1985, amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasarsa ba ta sa shi cikin jerin cututtuka a kundinta na DSM-5 na 2013 ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan daga kundinta a 2020.

Mai ɗinki, Obalende:
Ni aka yi wa wannan zargi. 'Yata ta ƙi zuwa gidan mahaifinta saboda a gabanta ake dukana, sai aka ce ni na cusa mata ƙiyayya. Da an ɗauki tsoronta a matsayin ciwo, wa zai ƙara sauraronta? Allah ya sa jami'ar jin daɗin jama'a ta zauna da ita ita kaɗai, sannan ta kai rahoto ga alƙali.

Malamin Islamiyya, Alaba Rago:
Na sha zaman sulhu irin wannan. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo, amma hana uba ganin ɗansa yanke zumunci ne. Dokar Haƙƙin Yara ta Jihar Legas ta 2007 kuwa maslahar yaro take sa gaba. Malam, ka ce wa ƙanenka ya tattara shaidar ranakun da aka hana shi ziyara da saƙonnin waya, domin abin da kotu za ta iya aunawa ke nan.